Sunan da Ba Zan Kira Ba Gobe

Daren Asabar, tsakiyar damina, Durun

Yau na yi wanka da kaina, karon farko tun da taifot ya kayar da ni. Na gode wa Ubangiji, amma zuciyata ba ta huce ba.

Da yamma na lallaɓa gonar da majami'a ta ba ni tun zuwana daga Maraɗi a matsayin mai bishara. Ciyawa ta cinye geron, awakin Dattijo Barau na majami'armu suna kiwo a ciki. Ashe shi ya hana a yi mini gayya. Wai ya ce wa 'yan'uwa, "Ruwan ƙasar nan bai karɓi mai bishara ba. Ko a tsaye ko a kwance, gida zai koma, kada ku ɓata guminku." Ko dubiya bai zo ba.

Malam Sule maƙwabcina, ɗan Hisban da nake kauce wa a hanya, shi ya goya ni a babur har asibiti a Gwarzo, ana tsakiyar wahalar mai. Matarsa ce ke aiko mini kunu.

Na san na sha yin wa'azi a kan yafiya. Zan yafe, amma sai jibi.

Gobe zan tashi yin godiya a majami'a, yadda wanda ya warke yake kiran sunan duk wanda ya taimake shi. Zan kira su ɗaya bayan ɗaya, har Malam Sule. In na gama, zan juya wajen kujerar dattawa in dubi Barau in ce, "Baba, ko akwai wanda na manta?"