Ƙurajen 'Yar Farina

Daren Laraba, tara ga watan Azumin Tsofaffi

Alhamdu lillahi, yau zan yi barci. Tun da 'yar farina ta zo daga Mirriya nake ganin tana tafiya a tattale, ta fito makewayi da hawaye. Ga mijinta bai daɗe da dawowa daga ɗaukar wa Nasara kaya ba. Zuciyata ta ce tunjere ne, mugun ciwon nan da maza ke kwasowa a yawo. To, yaya zan tambaye ta, ni da ko sunanta ba na faɗa?

Sai na kira Iya. Ta ja jikarta ɗaki, ni kuwa na ɗauki faifai na zauna bakin ƙofa, wai ina bakace.

"Ƙurjin guda ɗaya ne mai tauri, marar zafi?" in ji Iya.

"A'a, Kaka. Ƙanana ne da yawa, masu ruwa. Da ƙaiƙayi suka fara, suka fashe, ga raɗaɗi."

"To, ba mugun ba ne, ja'ira. Ɗan'uwan ƙurjin zazzaɓi ne na leɓe, a shimfiɗa ake ɗaukarsa. Zai bushe, amma yakan dawo. In ya fito, kowa ya kwana tabarmarsa. Ran da kika sami ciki, ki faɗa wa ungozoma. Mijin nan naki mai ƙafar raƙumi kuma, turo mini shi."

Sai na ji yarinyar ta yi dariya. Iya ta leƙo ta ce, "Ke kuma mai bakace, faifanki ba ko ƙwaya."

Na duba, wallahi haka ne. Kunya ta kore ni madafi, na dama kunun tsamiya na aika wa yarinyar. Ƙwaryar ta dawo wayam.