Maganar Baha'uddeen da Aikin Ƙarfe

Katanga, Agadas,
Ƙarshen watan Safar.

Zuwa ga ƙanena Ilyas,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan nemanka a can ramukan zinariya na Jado. Allah Ya tsare ku daga sharrin rami da sharrin hanya, Ya sa wa guminku albarka, amin. Mu nan gida lafiya lau, sai godiyar Allah. Inna Aissa tana nan da sauran ƙarfinta, gwiwa ce dai ke taɓa ta in ta daɗe a zaune, amma bakin nan nata da ka sani ko kaɗan bai tsufa ba. Damina ta yi kyau bana, ƙoramar Telwa ta kawo ruwa sosai, har bangon ɗakinka na gabas ya zabge, maigidana Ousmane ya sa an tayar da shi an yi yaɓe. 'Yata Nafi ta yaye ɗanta, yaron ya fara tafiya, ba abin da ya bari a inda aka ajiye shi.

Na san lokacin da motar Saidou za ta tsaya, za ka leƙa bayanta kana neman ɗanka Baha'uddeen, sai a miƙa maka takarda a madadinsa. Kada ka ga laifin Saidou, ya isar da saƙonka yadda ka faɗa, bai rage ba bai ƙara ba: a ɗora maka yaron a wannan tafiyar, domin ɗanka ba zai zama maƙeri ba kana raye. Kada kuma ka ga laifin yaron. Ni na hana, ni za ka yi wa fushi. Na ƙi kiranka a salula da gangan, don na san halinka tun kana yawo ba wando: kai ke magana kai ke amsa wa kanka, in an zo kan gaskiya kuma ka ce rezo ya ɗauke, layi ya yanke. Takarda ba a katse ta. Ka samu inuwa ka zauna, ka karanta maganar yayarka har ƙarshe.

Tun ranar da Allah Ya karɓi ran matarka Balki ka ɗauko yaron nan ka aza a cinyata, ban taɓa bambanta shi da waɗanda na haifa ba, don haka ina da bakin magana a kansa. Ba ka nan lokacin da ya faɗi jarrabawar birebe ta gama ƙaramar sakandare ya bar lakkol. Ni na ga shekarun da ya yi a fada, majalisar samari ta bakin titi, daga shayin farko zuwa na uku, ya dawo gida ido jawur, ba fara'a ba magana. Raina ya ɓaci a lokacin fiye da yadda na taɓa gaya maka. Da aka buɗe ɗaukar matasa a cibiyar koyon sana'a, Ousmane ya kai shi ya sa sunansa, kuma mun gaya maka, ka ce to, Allah Ya taimaka, ba ka tambayi abin da ake koya ba. Aikin ƙarfe ne. Ana koya musu sudir, wato haɗa ƙarfe da wutar lantarki, da aiki da wani inji da suke kira tur, mai sassaƙe ƙarfe yadda masassaƙi ke fitar da turmi daga gungume. Shekara guda ke nan yaron nan bai makara ba, shi ke tayar da mu sallar asuba.

Yanzu ga abin da ya kawo maganar da ta iso kunnenka. Wata rana yana sudir, ɗinkin ƙarfen bai fito masa sosai ta baƙin gilashin da suke rufe fuska da shi ba, sai ya ɗaga gilashin don ya duba da kyau, hasken ya shige masa ido. Washegari ya tashi idanu sun kumbura, hawaye na zuba, yana cewa kamar an cika masa su da rairayi. Inna na ganinsa ta sa salati. Ita a wajenta magana ta ƙare: wuta ta san nata, ta gane wannan ba jinin maƙera ba ne, shi ya sa ta gargaɗe shi, in ya koma kuma makanta zai yi. Ta hana a kai shi likita sai da Ousmane ya lallashe ta, ta sa aka yi masa hayaƙi, sannan ta aika aka kira Saidou ta ɗora masa saƙo zuwa gare ka. Ban yi mata dariya ba, don tsoro ne ya kama ta. Likita ya ɗiga masa magani, ya ce abu ne da ke samun kowane mai sudir da ya yi ganganci. Kafin juma'a ta zagayo idon ya washe sarai, yanzu shi ke zura wa Inna zare a allura.

Malaminsu, Malam Illiya, ya zo har gida duba shi. Dattijo ne, maƙeri ɗan maƙeri, daga baya ya koyi aikin inji, shi ne kuma ke riƙe da masana'antar da ɗaliban ke shiga in sun gama shekarar farko. Ya durƙusa ya gai da Inna, ya saurari duk abin da ta faɗa bai katse ta ba. Da ta gama sai ya naɗe hannun rigarsa ya nuna mata tabon ƙuna tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Ya ce shi da ya gaji wuta kaka da kakanni ga yadda ta yi masa, kuma irin ciwon idon nan ya kwantar da shi ba sau ɗaya ba. Ya ce wuta ba ta tambayar sunan uban mutum, hankalinsa kawai take dubawa. Ba zan ce maka Inna ta sauka daga ra'ayinta ba, abin da ta ce kawai shi ne yaro yana da uba, uban ya yanke.

A nan ne gizo ke saƙar. Malam Illiya ya ce takardar difulom ta cibiya ce, za su ba duk wanda ya ci jarrabawa. Amma shiga masana'antarsa da tsayawa gaban wutarsa, wannan yana da ƙa'idar da ya tarar a gidansu: ba sa karɓar ɗan da sana'ar ba gadonsa ba ce sai uban ya miƙa shi da bakinsa, ya ce na ba ka, na yafe, Allah Ya sa albarka. Ousmane ya ce zai tsaya a matsayin uba, Malam ya ƙi. Na ce ni na goya shi, ya ce ya sani, kuma ya girmama goyon, amma muddin uba na numfashi ba mai ba da ɗansa sai shi, don hannun da uba bai sa wa albarka ba ba ya riƙe guduma da kyau. Ya ce ko ta salula ce ya ji muryarka, ya isa. Za su fara ɗaukar sababbi bayan Mauludi, matasa kuwa sun yi layi suna jiran gurbin. In bai ji daga gare ka ba, wani zai ba, shekarar da yaron ya yi ta bi ruwa.

Na je wurin da ƙafata, don gani ya kori ji. Ba bukkar zuga-zugi ba ce, Ilyas. Babbar rumfa ce ta kwano, matasa maza har da mata suna tsaye kan injuna, kowa da rigar aikinsa. Suna ƙera ƙofofi da amalanke da injin niƙa, sannan suna fitar da ƙananan ƙarafan injin ban-ruwa. Ka tambayi Ousmane, shi da ke sayen albasa a Tabelot, yadda mai lambu ke zama yana kallon shukarsa na bushewa don wani ɗan ƙarfe da bai kai babban yatsa ba ya lalace, sai an aika Kano ko Aljeriya. Yanzu a nan garin ake yin sa. Na tsaya daga nesa ina kallon ɗanka ya sunkuya kan tur yana auna ƙarfe, fuskarsa a natse irin ta Balki in tana tsintar shinkafa, ban san lokacin da na ja mayafi na share ido ba.

Ka ce gidanmu ba mu gaji bugun ƙarfe ba, mu jikokin fatake ne masu ayarin gishirin Bilma. Gaskiya ne, ni ma ina alfahari da hakan. To ina raƙuman? Kuma don Allah ka gaya mini, cikin kakanninmu wane ne ya gaji shiga rami da igiya a ƙugu? Zamani ne ya kai ka can, ba wanda ya ce ka zubar da girman gida, kullum addu'a muke bin ka da ita. Zamanin nan dai shi ne ya kai ɗanka gaban inji. Ba raina nemanka nake ba, da guminka aka rufa mana asiri a shekarun nan, Allah Ya saka maka. Amma zinariya sa'a ce, yau ta ba ka gobe ta juya maka baya, abin da hannu ya iya kuwa yana nan tare da mai shi duk inda ya je.

Da yaron ya ji saƙonka ya shiga ɗaki ya ɗaure kayansa, ya mayar wa Malam Illiya gilashin fuskarsa, ya ce mini ba zai saɓa wa ubansa ba ko da zuciyarsa na can. Wannan biyayyar tasa ita ta fi komai tsaya mini a rai. Yau da Saidou ya zo ɗaukarsa na zauna a bakin zaure na ce sai dai ya tsallake ni, shi kuwa ba tarbiyyar da zai tsallake ni aka yi masa ba.

Akwai maganar da ni da kai ba mu taɓa zama mun yi ba, yau zan yi ta. Ɗana Nasiru ma haka ya ɗaure kayansa ya bi ka Jado. Ni na raka shi tasha, na sa masa dabino da cuku a jaka, na ɗaga masa hannu har motar ta ɓace. Kai ka tono shi daga ramin da ya rufta, kai ka yi masa sutura, kai ka san inda yake kwance, ni ko likkafaninsa ban gani ba. Ban taɓa ɗora maka laifi ba, kwanansa ne ya ƙare, kuma na san abin na cin ka har yau ko ba ka faɗa ba. Amma ina jin tsoro, Ilyas, tsoro ƙwarai. Ɗanka ne, kana da iko da shi, ba na musu. In ka karanta duk wannan ka ga har yanzu Jado ce ta dace da shi, to ka zo da kanka ka kama hannunsa a gabana ku tafi, ba zan hana ba. In kuwa Allah Ya sanyaya zuciyarka, ka hau tudun da kuke samun rezo ka kira Ousmane, zai kai wa Malam Illiya salular, kalmomin ba su da yawa.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa rufe ƙirjinka da safe. Ousmane yana gaisuwa, haka Nafi da maigidanta. Baha'uddeen ya ce a gaishe ka da kyau, yana neman gafararka. Ka gai da duk 'yan Agadas da ke tare da kai. Kafin ka ba ni amsa, ka bi ta wajen kabarin Nasiru ka yi masa addu'a a madadina, tunda ni ƙafata ba za ta taɓa kai ni can ba. Na raka ɗaya tasha, Ilyas, ba zan iya raka na biyu ba.

Wassalam, taka har kullum,
Yayarka Souwaiba.