Ruwan da ya wuce giyayya

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Yau na gane abin da ya ci Malam Iliyasu, maigidana. Fiye da shekara ina cewa ajali ne, kuma ajalin ne, ban musa ba. Amma kullum ina tambayar kaina yadda mutumin da ya tashi a bakin gulbin Rima zai tafi ɗauko injin ban-ruwa da hantsi, sama fes, ruwa ya tafi da shi.

An tara mata a makarantar firamare. Wata Malama Sharifa ta zo daga Sakkwato wayar da kai. Ta ce duniya ta ƙara zafi, ruwan da a dauri kan sauka cikin wata guda yanzu shina iya zubowa lokaci ɗaya. Kuma ba sai ya sauka a kanmu ba. Can gabas zai yi ta zuba, madatsar Goronyo ta cika, dole a rage mata, ya iske mu muna shanya.

Malam sama ya duba. Ya kuma amince da itacen giyayyar da ke bakin gonarmu, don tun zamanin kakansa ruwa bai taɓa wuce gindinta ba. Kowa nan a gindin giyayyarsa yake aje inji. Bai yi ganganci ba. Abin da ubansa ya koya mishi ne ya daina aiki.

Ban yi kuka can ba. Sai da na dawo.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Rediyo ya ce ƙasashen duniya na taro a wani gari Baku kan wannan zafin. Masu hayaƙin masana'antu da waɗanda ruwa ka ci, ana ta ja-in-ja kan wa zai ɗauki nauyin ɓarna. Asta mai kawo muna nono ta tsaya ta saurara da ƙwarya a ka. Ta ce, “To su sun san da mu?” Na ce ko ba su san sunanmu ba, zancenmu suke. Ta ce, “Allah shi sa kar su kai damana suna gaisuwa.”

Lahadi, 24 ga Nuwamba

An tashi taron. Wai an yi alkawarin kuɗi, wasu sun ce ya yi kaɗan. Ni dai ban ji inda anka ce wa zai gaya ma mai noma a fadama ruwa na tafe ba.

Litinin, 14 ga Afrilu, 2025

Ɗana Mujaheed ya ce bana zai noma shinkafa a gonar ubansa. Shi kaɗai gare ni namiji, matarsa Bilkisu ga ciki. Na ce a'a. Ya ce, “Inna, mi za mu ci?” Na ce to inji da bukka a kan tudu, ba gindin giyayya ba. Sai ya ce tiyo ba zai kai ba, kuma maza za su yi mishi dariya.

Juma'a, 16 ga Mayu

Na je wurin Yaya Maccido, wan Malam, don shi yaron ka jin maganarsa. Na durƙusa na faɗi duk abin da Malama ta ce, har ina haɗa gaba da baya. Ya ce, “Rahinatu, yaushe kika zama malamar gona?” Na ce, “Yaya, ran da anka kawo ƙanenka a jiƙe.” Ban san maganar ta fito ba. Na ji kunya. Daga baya ya ce yaron shi hau tudu, zai ara mishi tiyo. Nashi injin kam ba inda za shi, wai giyayyarsa ta fi tamu tsayi.

Lahadi, 1 ga Yuni

Dabarar Asta ce, ba tawa ba. Wanta Sajo na kiwo kusa da madatsa, idonsa na kan ruwan kullum. Sanarwa kan zo a rediyo, amma mai aiki cikin laka ba shi da rediyo a kunne. In Sajo ya ga gulbi ya fara hawa zai kira ta, ta kira ni, ni in gaya ma matan unguwa, kowace ta kira mijinta. Habi maƙwabciyata ta ce in dai yaɗa magana ne, an zo gidanta.

Talata, 1 ga Yuli

Na yi ma mata bayanin dabarar Asta a wurin wani suna. Wata ta ce, “Ƙara faɗi, matar Iliyasu, ba mu ji ba daga baya.” Na ƙara.

Laraba, 20 ga Agusta

Wayar ta zo jiya da walaha, ina tankaɗe. Rana tas. Asta ta ce, “Ruwa, Yaya Rahinatu, ruwa!” Bilkisu ta danna mini lambar Mujaheed. Ya ce, “Inna, ko gajimare babu.” Na ce, “Ubanka ma haka ya ce. Fito.”

Ya fito. Duk sun fito. Kafin la'asar ruwa ya rufe gindin giyayya har reshen farko. Shinkafar gefen gulbi ta tafi, ta sama ta tsira. Yaya Maccido ya so komawa ɗauko injinsa, samari sunka riƙe shi shina zaginsu. In ruwa ya ja za a tono injin cikin laka, ko ya gyaru ko bai gyaru ba.

Mujaheed ya shigo da taɓo har gwiwa, ya ci tuwo malmala biyu. Na zauna ina kallonsa kawai.

Lahadi, 7 ga Satumba

Malama Sharifa ta aiko wai in zo Wurno ran Laraba in gaya ma matan can yadda munka yi. Na ce ni da ban gama firamare ba, sai na yi shawara. Ban dai amsa ba. Mayafina na fita kam na wanke, don ya daɗe cikin akwati ne kawai.

Yaya Maccido ya ce baɗi zai duba maganar tudu, bai ce ya yarda ba. Wayar Sajo ba ta riƙe caji. Ƙauyukan ƙetaren gulbi kuwa har yau ba mu da lambar mace ko ɗaya a cikinsu.