Hannun da Yaya Ya Ɗaga

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya iyali, ya shagon aski?

An ce jam'iyyarku ta amince a hana duk wata mace aikin yamma, kuma za ta miƙa wa majalisar gari a mai da shi doka. Mai gidan burodinmu ya ce ranar da aka sa hannu, ranar zan ajiye aiki. Ka san tun rasuwar babansu da aikin nan nake ciyar da yara. Kana cikin wakilan da suka zauna. Don Allah ce min ba ka ɗaga hannu ba.

Ƙanwarka.

Ƙanwata,

Ina amsawa, da fatan kuna lafiya.

Na ɗaga. Wallahi ni maganar rage haraji ce ta kai ni jam'iyyar nan, ina ruwana da aikin mata? Amma da shugaba ya ce, "Duk mai kishin tarbiyya mu ga hannunsa," na waiga na ga hannuwa ko'ina, sai nawa ya bi.

Abin takaicin, tun ranar wakilan suke zuwa kujerata ɗaya bayan ɗaya. Ina gyara wa wani mai kanti gemu ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ni fa ban so ba, 'yata ma aikin yamma take yi." Wani direba kuwa cewa ya yi ganin hannuna ne ya sa ya ɗaga nasa. Hannuna, ƙanwata! Abinci ma ya daina min daɗi. Ki yafe ni.

Yayanki.

Yaya,

Na gaishe ka.

Rashin cin abincinka ba zai ɗora min tukunya ba. Ashe duk jarumai ne in reza na wuyansu! Akwai sauran zama ranar Asabar kafin a miƙa takardar. Ka tashi ka faɗi abin da suka faɗa maka. Mutum ɗaya suke jira ya fara.

Ka huta lafiya. Ƙanwarka.

Ƙanwata,

Barka da war haka.

Na tashi. Mai kanti ya duƙa yana gyara takalmi, direba ya ƙura wa silin ido. Shugaba ya ce, "Mai aski, da magana ne?"

Na ce zafi ya yi yawa, taga zan buɗe. Na je na buɗe ta.

An miƙa takardar. Ki gaida yara, ba sai kin ce daga kawunsu ba ne.

Yayanki.