Geron Kakanki Ya Dawo Gida

Zuwa ga Autata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya aiki, yaya maigidanki da yara? Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata da ke ta ƙorafi. Mai shagon magani ne ke rubuta mini, na kuma ja masa kunne kada ya gyara mini magana.

Ambulan ɗin ya iso. Da na zazzage a tafin hannu, bai fi cokali biyu ba. Innarki ta leƙo, wai a kan wannan ɗan abin ofishinku ya shekara yana kai da kawowa? Ni kuwa ina gani na gane shi. Jan-wuya ne, geron kakanki, wanda muka cinye irinsa a shekarar babban fari don kada yayyenki su mutu. Kafin farin wasu baƙi sun zo da jakunkuna suna roƙon zangarniya. Kakanki ya ba su yana dariya, wai me za su yi da gero, mutanen da ba su iya ko surfe ba. Ashe ɗakin sanyi na ajiyar iri suka kai shi a wata ƙasa, har kika tono shi.

Kin ce abin da ya rage musu kaɗan ne, ya kuma tsufa. Malamin gona ya ce in ajiye rabi. Na ƙi, na shuka duka a bayan ɗaki. To, ruwa ya ɗauke, ganye ya fara naɗewa. In ya mutu, ni na kashe shi karo na biyu. Kada ki gaya wa masu ɗakin sanyin tukuna.

Babanki.

Autata,

Ina fatan kina lafiya, zazzaɓin ƙaramin kuma ya sauka.

Ya rayu! Masarar maƙwabta ta ƙone, shi ko ya lafe kamar ya mutu, ruwa na dawowa ya miƙe. Da ya fitar da kai, wuyan ya yi ja kamar yadda na bar shi, sai na zauna a kan kunyar gona na yi kuka. Tsuntsaye suka taso masa, na cire gidan saurona na rufe shi. Innarki ta ce ta auri mutum, gero ya ƙwace mata shi, sauro kuma ya gaje shi.

Na ji za ki babban taron ƙasashe, ku zauna kan maganar abinci. Ban yi makaranta ba, amma ki kai musu wannan. Buhunan agaji mun ci, mun gode, sun ƙare kafin damina. Abin da muke so su fara sawa a gaba shi ne irin nan: a ci gaba da ajiyewa, mai shi kuma in ya nema a ba shi ba sai ya shekara yana roƙo ba. Su koya wa yaranmu aikin, mu ma mu yi ɗakin sanyinmu. In wani ya gyara geronmu ya sayar, kada ya manta gidan da ya fito.

Bana ba za mu ci ko ƙwaya ba. Mutanen ƙetaren iyaka sun zo, su ma babban farin nan ya cinye nasu irin, na ɗibar musu. Malamin gona ya ce ba a tsallake iyaka da iri sai da takarda. Na ce masa ya nemo takardar, su dai sun riga sun tafi.

Zangarniya mafi kyau na ware wa ɗakin sanyi, sabon jini a madadin tsohon. Ki bi hanyar da ta dace ki aika. Sannan ki bincika mini wanda ya yi ta kula da wutar ɗakin nan duk shekarun nan, bai san mu ba, bai san ko akwai mai zuwa nema ba. In yana raye ki durƙusa ki gaishe shi a madadina. In ya rasu, ki gaida 'ya'yansa.

Allah ya yi miki albarka, ya kai ki lafiya ya dawo da ke.

Babanki, wanda har yanzu bai ga laifin shuka duka ba.