Furogiram ɗin da ƙanena ya bar min ya fi ƙarfina

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, ka sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ni mutumin Azare ne, na haura arba'in da biyar, karatuna bai wuce firamare ba. Sana'ata tafireta ce, na yi shekaru ina buga wa mutane takardun koke da na neman aiki. Da kwamfuta ta kashe mana kasuwa, ƙanena da ya yi karatunta a Bauchi ya samo min aiki a wata makarantar kuɗi, ni ke fitar da sakamakon jarrabawa. Shi ya rubuta min furogiram ɗin da ke haɗa maki ya jera yara daga na ɗaya har na ƙarshe. Hajiya mai makarantar ta ɗauka ni na yi, ni kuma ban taɓa gyara mata zancen ba. Ko baƙi aka yi sai ta nuna ni ta ce ga injiniyanmu.

Wani irin salo ya bi wajen rubuta abin, wai bayani da umarnin kwamfuta duk a fayil ɗaya, kamar littafi. Shi wannan fayil uwa yake ce masa. In ka bi ta wata hanya uwar ta fitar da littafin bayani, shafi wajen sittin da Turanci, in ka bi ta wata kuma ta fitar da furogiram ɗin da ke aiki. Kafin ka kai nan sai ka buga umarni har uku a baƙin allon kwamfuta, ɗigo ɗaya ka manta ta ƙi. Kuma ba a jere abin yake ba, wani yanki a shafi na tara sai ya tura ka shafi na arba'in. Wai an yi haka ne don mutum ya gane da sauƙi. Wata uku na yi ina fama, ban gane komai ba sai ciwon kai.

Ya sha gaya min, Yaya duk gyara a uwar ake yi, kar ka taɓa abin da ta fitar. Rannan ya sake maimaitawa, na ce masa ina buga takarda tun yana rarrafe. Ya ce ai ba rashin boko ne ke damuna ba, girman kai ne, kuma a gaban matata ya faɗa. Na ce ya fita min daga gida. Yau shekara biyu, in mun haɗu wajen Inna mahaifiyarmu a Jama'are gaisuwa ce kawai.

Bayan tafiyarsa na gano in na buɗe furogiram ɗin kai tsaye zan iya canja lamba ko suna, kuma ya yi aiki. Aka ƙara darasin Larabci da na noma, na cusa. Aka canja makin ci, na canja. Aka raba aji biyu, na kwafi wani yanki na liƙa. Ban rubuta ko ɗaya a takarda ba, uwar kuwa tana nan yadda ya bar ta.

Makon jiya Hajiya ta ce a ƙara gurbin kwanakin da yaro ya zo makaranta. Na duba ko'ina na rasa inda zan sa, sai na ce bari in gwada ta uwar. Na buga umarnin nan uku, karon farko a rayuwata suka tafi daidai, har na yi hamdala. Ashe sabon da ta fitar ya hau kan nawa ya shafe shi. Duk gyaran shekara biyu ya tafi. Faifan fulofin da na ajiye kwafinsa a ciki ya ƙi buɗewa, na kai shagon kwamfuta biyu, na aika Misau, an ce ya mutu.

Na gwada fitar da aji ɗaya in gani. Wata yarinya 'yar Chinade da kowa ya san ita ke zuwa ta ɗaya ta fito ta sha ɗaya, don bai ƙirga mata darasi biyun da na cusa ba. Kun ga ba zan miƙa wa iyaye wannan ba, ina tsoron Allah. Ran Alhamis ake raba sakamako, yara sun fi ɗari huɗu, ko ban ci ban sha ba ba zan gama da kalkuleta ba. Hajiya ta leƙo jiya ta ce Malam ina fata an kusa, na ce in sha Allahu.

To jama'a, in gaya wa Hajiya gaskiya ne ta san fiye da shekara biyu ina cin yabon da ba nawa ba, wataƙila ta sallame ni da iyali takwas a wuyana? Ko a cikinku masu ilimin kwamfuta akwai wanda ya san hanyar dawo da abin da aka shafe? Kar dai a ce min in karanta littafin, na karanta. In kuwa ƙanen nawa ne kaɗai mafita, lambarsa na wayata, yau sau biyu ina fito da ita ina mayarwa aljihu. Ku gaya min, in ya ɗauka ya ce Yaya, da me zan fara?