Ranar da na daka wa Baba tsawa

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jaririyarmu. Allah ya ƙara miki lafiya, ya raya mana ita. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, Kaka kuma tana nan tana rigima kan an hana ta sukari a shayi.

Yaya, abin da zan gaya miki ko a waya na kasa faɗa. Kin san tun tafiyarki nake roƙon Mama ta bar ni in yi girki ni kaɗai, tana cewa ban isa ba. To ranar Talata ta yarda, ta tafi kasuwa ta bar ni da suyar dankali. Na ɗora mai ke nan sai aka fara yayyafi, na ce bari in kwaso shanya da sauri. Ina dawowa na tarar wuta ta kama cikin kaskon, har tana neman lasar labulen taga.

Baba yana wanke babur a tsakar gida, sai ga shi a guje da bokiti cike da ruwa. Nan na tuna mai sayar mana da gas ya taɓa gaya mini cewa in aka zuba wa wutar mai ruwa, tashi take yi har fuskar mutum. Yaya, ban san lokacin da na daka wa Baba tsawa na ce kada ya zuba ba! Ya tsaya cak, ruwa na tsiyaya a ƙafarsa. Na kashe gas, na ɗauko murfin babbar tukunya na zura a kan kaskon ta gefe. Baba ya so ya buɗe ya leƙa, na ce a bari sai ya huce.

Daga nan kunya ta rufe ni, na shige ɗaki ina kuka. Na ce shi ke nan, Mama za ta raba ni da kicin. Da ta dawo na faɗa mata gaskiya, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta yi faɗa sosai. Sai Baba ya ce shekara goma sha huɗu bai san ina da murya ba, kuma da shi kaɗai ne a gidan, da yanzu toka muke sharewa. Ya cire labulen, ya buga ƙusa kusa da murhu ya rataye murfin. Daga baya Mama ta ce gobe ma ni ce da girki, amma in na ɗora mai, ko ƙanƙara ake zubawa in bar shanya ta jiƙe.

Don Allah ke ma ki ajiye murfi kusa da hannu. Ki gaida maigidanki da surukarki, ki shafa mini kan jaririya. Mama da Kaka suna gaishe ki. Baba ma yana gaisuwa, ya ce in gaya miki yanzu sai ya yi sallama kafin ya shiga kicin, kada Kwamanda, wato ni, ta kore shi.

Taki har kullum,
Auta